Daga Bakin Hanya Zuwa Gadon Asibiti

Garinmu yana bakin babbar hanya. Tun sa'ad da aka shimfiɗa kwalta ta ratsa ta gefen kasuwarmu mun sami alheri mai yawa, gama hatsinmu yana isa birni da wuri, baƙi kuma suna tsayawa su yi ciniki. Amma hanyar ta kawo mana wani aiki da ba wanda ya koya mana. In mota ta faɗi, mu ne muke fara isa wurin. Kafin ɗan sanda ya zo, kafin likita ya ji labari, manomi da mai shayi da mai faci su ne suke tsaye a kan mutumin da jini yake zuba daga jikinsa. Mun yi shekaru muna wannan aiki, mun kuwa lura da abu guda da muke so mu tattauna da masu karatu a wannan wata. Da yawa cikin waɗanda aka binne, da ransu muka tsamo su daga mota.

Samari biyu

Bari mu ba ku labarin samari biyu na unguwarmu. Ba za mu faɗi sunansu ba, gama iyayensu suna nan da rai. Dukansu 'yan acaɓa ne, dukansu kuma mota ce ta buge su a kan wannan hanya, tsakaninsu bai fi shekara guda ba.

Na farin, da almuru abin ya same shi. Ba karaya, ba jini a waje sai ƙujewa a gwiwar hannu. Yana magana sarai, yana cewa cikinsa ne yake ciwo ta gefen hagu. Muka sa shi a a-kori-kura muka nufi asibitin da ya fi kusa. Ma'aikacin da muka tarar ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya ɗaura masa ruwa, ya ce wannan ya fi ƙarfin wurin, mu yi gaba. A asibiti na biyu akwai likita, amma ba jini a ajiye, mai ba da maganin barci don tiyata kuma ba ya nan. Aka rubuta mana takarda zuwa birni. Sa'ad da muka shiga ƙofar babban asibiti awa biyar ta shige, idon yaron ya yi fari fat, jikinsa ya yi sanyi, ya daina magana. Ya cika kafin a shiga da shi ɗakin tiyata. Likita ya gaya mana saifarsa ce ta fashe, jini ya yi ta tsiyaya a cikin ciki tun daga bakin hanya. Ya ce cire saifa ba baƙon aiki ba ne a wurinsu.

Na biyun, rauninsa ya fi ban tsoro a ido. Cinya ta karye, kai ya fashe, mata suna ta kuka sun ɗauka ya mutu. Amma ran nan wata dattijuwa ta garinmu, wadda ta yi aikin nas har ta yi ritaya, tana cikin kasuwa. Ta cire ɗankwalinta ta danne inda jini yake fita, ta sa aka kawo katako aka ɗaure ƙafar, ta sa mutum guda ya riƙe kan yaron kada wuya ya motsa. Sa'an nan ta ce wa direba kada ya tsaya ko'ina sai babban asibiti. Muna hanya ta buga waya ga wani da suka taɓa aiki tare. Kafin mu isa an shirya jini, likitan fiɗa yana jira. Yau yaron nan yana da shago da 'ya'ya biyu, yana ɗan ɗingishi kawai.

Mun sani rai a hannun Allah yake. Duk da haka in mun zauna muna tuna samarin nan, tambaya guda takan dame mu. Ashe daidai ne ran mutum ya rataya a kan wanda ya zo cin kasuwa ran nan, da kuma wanda ya san wani a birni? Abin da dattijuwar nan ta yi wa yaro guda da wayarta, shi ne ya kamata ƙasa ta shirya wa kowa, dare da rana, daga Sakkwato har Kalaba.

Dalilin da ya sa jinkiri yake kisa

Babban mutum yana da jini kimanin lita 5 a jikinsa. In ƙashin cinya ya karye, lita guda ko fiye tana iya zuba a cikin naman cinyar, ba ko ɗigo a waje. In ƙashin ƙugu ne, abin ya fi haka. Wanda hanyar numfashinsa ta toshe, ƙwaƙwalwarsa takan soma lalacewa cikin 'yan mintoci. Jinin da yake taruwa a cikin ƙoƙon kai kuwa yakan danne ƙwaƙwalwa a hankali, mutum yana hira yanzu, an jima ya suma. Saboda haka likitoci sukan kira awa ta fari bayan rauni awar zinariya. Wani likitan fiɗa na jihar Maryland a Amurka, R Adams Cowley, shi ya yayata wannan suna. Ba wai minti 60 cif ake nufi ba. Abin nufi shi ne kowane jinkiri yana rage wa mutum damar tsira.

Ga misali guda. A 2010 aka bayyana sakamakon wani babban gwaji da aka yi a ƙasashe 40, har da Nijeriya, a kan masu rauni fiye da 20,000. An ga cewa wata allura mai araha da likitoci suke kira TXA tana rage mutuwa ta zubar jini in an yi ta cikin awa 3, ta fi amfani kuma cikin awa ta fari. In awa 3 ta wuce, amfaninta ya wuce. Maganin yana nan, amma sai mutum ya isa inda yake cikin lokaci.

A 1998 wani likita mai suna Charles Mock da abokan aikinsa suka buga wani bincike da ya gwada birane uku, wato Seattle a Amurka, Monterrey a Meziko, da Kumasi a Gana. Cikin kowane mutum 100 masu mummunan rauni, 35 suka mutu a Seattle, 55 a Monterrey, 63 a Kumasi. Cikin 63 ɗin nan na Kumasi, 51 ba su ma kai asibiti ba. Mu mazauna bakin hanya ba mu yi mamakin wannan lissafi ba ko kaɗan. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce hatsarin hanya yana kashe mutum kimanin 1,190,000 a shekara, shi ne kuma kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wato 'ya'yanmu ke nan da ƙannenmu.

Abin da Ingila ta yi

Kada mai karatu ya ɗauka arziki kaɗai yana warware wannan matsala. Ingila tana da asibitocin gwamnati na kowa da kowa tun 1948, da motocin ɗaukar marasa lafiya ko'ina. Duk da haka wani bincike na 2007 ya nuna kusan kashi 60 cikin 100 na masu mummunan rauni ba su sami kulawar da ta dace ba. A 2010 ofishin binciken kuɗin gwamnatinsu ya ƙiyasta za a iya ceton rai 450 zuwa 600 kowace shekara in an gyara tsari. Damuwarsu irin tamu ce. Motar asibiti takan kai mutum asibitin da ya fi kusa, ko da kuwa ba likitan ƙwaƙwalwa a can, ko kuwa ƙaramin likita ne kaɗai yake aikin dare.

Sai suka raba ƙasar yanki yanki. A kowane yanki suka zaɓi babban asibiti cikin waɗanda suke da su, suka tabbata akwai likitocin fiɗa na kai da na ƙirji da na ciki da na ƙashi, da jini, da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, dare da rana. Ƙananan asibitocin kewaye suka zama mataimakansa. Ma'aikatan motar asibiti suna da takardar alamomi da suke dubawa a wurin hatsari. In alamomin sun nuna mummunan rauni, babbar cibiya kuma ba ta fi tafiyar minti 45 ba (daga baya aka mai da shi awa guda), sai su wuce asibitin kusa su miƙe can, suna sanar da zuwansu tun a hanya. In wurin ya yi nisa, sai asibitin kusa ya buɗe numfashi ya tsai da jini, ya tura mutumin gaba, babbar cibiya kuma tilas ta karɓa. Kowane mai rauni ana rubuta labarinsa a rajista guda ta ƙasa, domin a ga inda ake kuskure. Har kuɗin da ake biyan asibiti an ɗaura shi a kan cika waɗannan sharuɗɗa.

Birnin Landan ya soma a 2010, sauran ƙasar ta bi a 2012, cibiyoyin suka kai 27. A 2018 aka duba labarin masu rauni fiye da 110,000, aka ga damar tsira ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin biyar, an kuma ƙiyasta mutum fiye da 1,600 sun rayu waɗanda a dā da sun mutu. Abin lura a nan shi ne, yawancin asibitocin nan suna tsaye tun dā. Sabon abin shi ne kowa ya san aikinsa, ya san wanda zai miƙa wa.

Wani zai ce, ina Ingila ina mu? To, mu dubi Gana. Ran 9 ga Mayu 2001 mutum fiye da 120 suka mutu a turmutsitsi a filin ƙwallo na Akara, sa'ad da Hearts of Oak take wasa da Asante Kotoko. Baƙin cikin wannan rana yana cikin abin da ya sa aka kafa hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya ta ƙasa a 2004, a 2020 kuma aka raba sababbin motoci 307 domin kowace mazaɓa ta sami tata. Tun kafin wannan ma, likitan nan Mock da abokansa sun tara direbobin haya fiye da 300 suka koya musu taimakon farko cikin awa 6 kacal, da kayan da ake samu a bakin hanya. Sun lura direbobi ne suke kai yawancin masu rauni asibiti, sai suka soma da su.

Abin da muke da shi a gida

Nijeriya ba hannu sake take ba. Asibitin ƙashi na Dala a Kano yana aiki tun 1959, akwai irinsa a Igbobi ta Legas da kuma Inugu. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na fari, tana da lambar waya ta kyauta, 122. Akwai kuma 112, lambar neman agajin gaggawa ta ƙasa duka. A 2014 aka buɗe cibiyar kula da masu mummunan rauni a Babban Asibitin Ƙasa na Abuja.

Dokoki ma akwai su, iyalai da yawa ne ba su san da su ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ya ƙi ba mutum taimakon gaggawa, ko da wane dalili. Ta kuma kafa asusun kiwon lafiya na musamman, ta ware kashi 5 cikin 100 nasa domin jinyar gaggawa. Wata doka ta 2017 ta ce tilas asibiti ya karɓi wanda aka harba da bindiga, ko da takardar 'yan sanda ko babu, ko an ajiye kuɗi ko ba a ajiye ba, ta kuma ce kada a wulakanta wanda ya kawo shi don taimako. A 2022 gwamnatin tarayya ta soma gwada wani tsari a Abuja, ana kiransa NEMSAS a taƙaice, wanda nufinsa shi ne a kira lamba guda, mota ta zo, a yi jinyar awa 48 ta fari ba tare da an tambayi iyali kuɗi ba.

Karan tsintsiya ke nan a warwatse, saura maɗauri. Asibitocin koyarwa da yawa na tarayya ne, manyan asibitocin garuruwa na jiha ne, ƙananan ɗakunan shan magani suna ƙarƙashin ƙananan hukumomi, ga kuma asibitocin mishan da na kuɗi, kowanne da ubangidansa. Hatsari kuwa bai san iyakar jiha ba. Mutum yakan faɗi a ƙarshen wata jiha, asibitin da zai iya cetonsa yana mil ashirin a cikin jihar gaba, amma takarda ta tura shi babban birnin jiharsa mai nisan mil ɗari. Daren 15 ga Oktoba 2024, sa'ad da tankar mai ta kama wuta a Majiya ta jihar Jigawa, mutum fiye da 150 suka rasu, aka kwashi masu ƙuna zuwa Ringim da Haɗeja da wasu wurare. Babu asibiti guda da zai iya ɗaukar irin wannan nauyi shi kaɗai. A irin wannan dare ake bukatar mutum guda da yake riƙe da lissafin gadaje da jini da likitoci na yankin duka, yana cewa wannan a kai shi nan, wancan a kai shi can.

Abin da muke roƙo

Mu ba likitoci ba ne, amma abin da muka gani a bakin hanya ya koya mana roƙon da za mu yi. Na ɗaya, lambar gaggawa ta riƙa shiga a ƙauye kamar yadda take shiga a birni, wanda ya ɗauka kuma ya ji harshen mai kira. Na biyu, a duba asibitocin kowane yanki, na gwamnati da na mishan da na kuɗi, a faɗa wa jama'a a fili abin da kowanne yake iyawa da ƙarfe biyu na dare, a manna takardar a kowace tasha. Na uku, kada asibiti ya sallami mai rauni da 'yar takarda kawai. Ya buga waya gaba, ya haɗa shi da ma'aikaci, wanda aka kira kuma ya karɓa. Na huɗu, kuɗin da doka ta ware ya riƙa isa asibiti da wuri, gama asibitin da ya yi jinya kyauta sau uku ba a biya shi ba, ba zai yi na huɗu da sakin fuska ba. Na biyar, a riƙa rubuta labarin kowane mai rauni wuri guda, da awar da ya faɗi da awar da ya isa hannun likita. Wanda ba ya ƙirga awakinsa da yamma ba zai san inda kura take shiga ba.

Sa'an nan kada a manta da ranar sallama. Mai karayar ƙashin baya da aka mayar ƙauye a kan tabarma, ba keken guragu, ba wanda ya nuna wa matarsa yadda za ta riƙa juya shi, gyambon kwanciya ne zai ƙarasa abin da mota ta soma. Gashin ƙashi da ƙafar roba da koyon sabuwar sana'a duk suna cikin jinya. A Ingila ana rubuta wa mai mummunan rauni takardar abin da zai bukata bayan ya bar gado, kamar yadda ake rubuta magani. Masu ɗori na gargajiya ma ya kamata a jawo su ciki, gama jama'a suna zuwa wurinsu. A nuna musu karayar da ba tasu ba ce, wato wadda ƙashi ya huda fata, da ta cinya, da ta baya, a kuma nuna musu yadda ɗaurin da ya matse yakan kashe hannun yaro har a yanke shi.

Namu aikin a gida

Kafin gwamnati ta gama nata, akwai abin da kowane gida zai iya yi tun wannan mako. Maigida ya sa 112 da 122 a wayarsa da ta uwargida da ta manyan yara. Kowa ya san rukunin jininsa, masu lafiya kuma su riƙa ba da jini tun ba a zo neman su da kuka ba. Ƙungiyoyin mata da na matasa da na direbobi su gayyaci wata nas ko 'yan agajin Red Cross su koya musu taimakon farko, yini guda ya isa a soma. Mai hawa babur ya sa hular kwano ya ɗaure igiyarta, na cikin mota ya ɗaura bel, in tanka ta faɗi kuwa kowa ya ja yaransa ya yi nesa.

In kun iske hatsari, ku fara tsai da motocin da suke zuwa domin kada a ƙara wani. Mutum guda ya kira agaji. Inda jini yake zuba, a danne da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. Wanda ya suma amma yana numfashi, a juya shi a gefe, kai da wuya da baya su juya tare. Kada a ba mai rauni ruwa ko abinci, ko da ya roƙa, gama mai yiwuwa tiyata tana jiransa. Kada a ɗauke shi ta hannu da ƙafa kamar buhu. A nemi ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum huɗu su ɗaga tare. Ƙuna kuwa ruwa mai tsabta take so, a yi ta kwararawa har minti 20, ban da ƙwai da gishiri da baƙin mai. Wanda ya bugu a ciki ko a kai, ko da yana tafiya da ƙafarsa, a kai shi inda ake tiyata. Masu ɗaga waya suna ɗaukar hoto kuma, muna roƙonsu su tuna mutumin da yake kwance yana da uwa.

Abu na ƙarshe. Lokacin zaɓe masu neman ƙuri'a sukan zo ƙofar gidajenmu da atamfa da alkawarin gina sabon asibiti. In sun zo, ku ba su wurin zama, ku ba su ruwa, sa'an nan ku tambaye su a hankali: in mota ta faɗi a mahaɗar garin nan da ƙarfe biyu na dare, wa za mu kira, ina za a kai mutumin, wa kuma zai karɓe shi? Wanda ya iya amsa wannan dalla dalla, ku saurare shi da kyau. Allah ya kiyaye mana hanya.